Lam Ɗin da ke Jikin Ƙofar Motata

Shekarun baya, lokacin ina koyarwa a wata sakandare a Jega, ina da 'yar mota ruwan toka. Ba sai na faɗi irinta ba. A wancan lokacin in ka jefa tsakuwa sama a bakin kasuwa, a kan mota irin tawa za ta faɗo. Abu ɗaya ya bambanta tawa da sauran: wani dogon ƙwarzane a ƙofar baya ta hannun dama, ya sauko daga ƙasan gilashi ya lanƙwashe a ƙarshe. A Aliero na samo shi da kakar albasa, ranar da muka yi gardamar hanya da amalanken shanu. Amalanken ne ya yi nasara.

Mahaifiyata tana zaune a Birnin Malam. Duk ranar kasuwar Jega takan hau motar haya da safe ta zo ta sayar da daddawarta, ta gaisa da ƙawayenta. In an tashi makaranta sai in je in tsaya kusa da masu tabarmi, in mayar da ita gida. Ba ta zuwa da waya, ta ce kasuwa wurin masu dogon hannu ne. Ni kuma nakan rufe gilashi, in ɗauko takardun ɗalibai da jan biro, in yi ta duba su har in ji an ƙwanƙwasa ƙofar baya. Haka muka shekara biyu, ba ta taɓa ɓata ba, ni kuma ban taɓa tambayar kaina yadda take gane motar ba.

Sai aka ba ni mataimakin shugaban makaranta. A makon nan ƙwarzanen da na shekara biyu ban kula da shi ba ya fara tsone mini ido. Abokina, malamin kimiyya, ya ce in shafa man goge baki. Na shafa. Motar ta kwana biyu tana ƙamshin na'ana'a, ƙwarzanen kuma yana nan daram.

Daga nan na kai ta wurin wani dattijo mai fentin mota. Ya ja farcensa a kan zanen, daga sama har ƙasa. Ya watsa masa ruwa, zanen ya ɓace, ruwan ya bushe, ya dawo.

Ya ce, “Malam, wanga bai kai ga ƙarhe ba. In da ya yi zurhi da ya riƙe min akaiha. Hwatar sama ta ɗai ta ji ciwo.”

Na tambaye shi ko sai an fesa sabon fenti.

Ya ce, “Ku 'yan boko kun cika son aiki babba. Zamna ka gani.”

Ya jiƙa samfefa mai laushi ya riƙa shafawa a hankali, kamar mai lallashin jinjiri. Ya sa man goge mota a tsumma ya yi ta murzawa yana zagayawa. Kafin la'asar ƙofar ta koma kamar ba a taɓa haihuwar shanu a Aliero ba. Har hulata na gyara a jikinta.

Ranar kasuwa na je na tsaya inda na saba, na rufe gilashi, na buɗe takardu. Na gama aji ɗaya, ba a ƙwanƙwasa ba. Na ce hira ce ta yi daɗi. Na gama aji na biyu. Aka kira la'asar, na je na yi salla na dawo na sake rufe kaina. Sai da inuwa ta miƙe sosai sannan hankalina ya tashi, na shiga layin masu daddawa. Wata ƙawarta ta dube ni sama da ƙasa ta ce ai ta daɗe da tafiya. Ta fita neman mota, ta dawo, ta sake fita, ta ƙara dawowa, daga baya ta ɗauki kwandonta a ka ta nufi tasha.

Kafin magariba na isa Birnin Malam. Na same ta zaune a tabarma tana matsa ƙafarta, ƙanwata tana tsince shinkafa a gefe. Ni ɗan fari ne, mahaifiyata ba ta kama sunana, kuma in abu ya ɓata mata rai ba ta faɗa mini kai tsaye. Na durƙusa na gaishe ta. Ta amsa, sannan ta juya wajen ƙanwata.

Ta ce, “Ki ce mishi ba komi. Mun ji an ba shi girma. Wanda anka ba girma, warin daddawa na iya hwara damun shi.”

Maganar ta dake ni. Na rantse mata cewa tun bayan azahar ina wurin masu tabarmi.

Ta ce wa ƙanwata, “Ki ce mishi sau ukku ina zagaya wurin. Motoci huɗu na gani ruwan toka, babu mai lam.”

Na ce, “Inna, wane lam?”

A nan ne ta dube ni. Ta ɗaga yatsa ta zana shi a iska: ta sauko daga sama, ta lanƙwasa a ƙasa. Harafin lam na allo. Mahaifiyata ba ta karanta lambar boko, amma ta yi sauka tun kafin a haife ni. Shekara biyu ke nan tana karanta ƙofar motata, ni mai digiri ban taɓa ganin komai a wurin ba sai aikin amalanke.

Na yi mata bayanin samfefa da man goge mota, da yadda dattijon ya ƙware. Ƙanwata ta kifa kai a kan faifai tana dariya. Na ce amma ai da ta leƙa ta gilashi da ta gan ni.

Ta ce, “Da girmana in dinga leƙen motocin maza?” Ta ƙara da cewa, “Kai mi ya hana ka hitowa?”

 Gaskiyar ita ce tun ranar farko ni ya kamata in tsaya a waje in hango ta, in karɓi kwandon. Na bar wa ƙwarzane aikin tarbar mahaifiyata, shi kuma ya riƙe amanar fiye da ni. Da aka goge shi sai ya bayyana cewa babu kowa a bakin aikin.

Yanzu ta daina zuwa kasuwa, ƙafa ta ƙi, motar ma an daɗe da sayar da ita. Amma har yau in na je ɗaukar mutum, babba ko yaro, ba na iya zama a ciki. In na tuna abin kuma dariya ce ke fara zuwa, kunyar tana biyo baya.

Kasuwar da ta biyo bayan waccan ranar na tsaya a waje cikin rana, babbar riga ta jiƙe sharkaf. Ta hango ni daga nesa, ta zo ta miƙa mini kwandon. Ta tsaya ta shafa ƙofar nan mai sheƙi da tafin hannunta, sannan ta ce wa mai tabarmi, “Gyaran ya yi kyau. A bar shi haka nan.”