Abin da ya cinye dutsen niƙa

Wautar da na yi a duniya tana da yawa, in na ce zan rubuta ta duka tawada za ta ƙare ban kai rabi ba. Amma akwai guda wadda in na tuna ta dariya ba ta zo mani, ni da ke yi wa kowa dariya har da kaina. Shekara uku na ɓata ina gugar tsakuwa. Ba ta sayarwa ba ce, ba ta magani ba ce, ba malami ko boka da ya sa ni. Haka kawai, don in ga tana ƙyalli.

Garinmu yana gindin dutse ne tsakanin Buza da Keita, inda ba abin da manomi ya tsana kamar dutse. Kafin shuka kowa na kwashe duwatsu daga gonarshi ya tara bakin iyaka. Ni kaɗai ke kwasowa in kawo gida. Ciwon ya kama ni ne a korama, shekarar da na yi aure, tun Nasara ba su fara kamun samari don yaƙinsu ba. An yi ruwa, korama ta kawo ta janye, na tafi shayar da jaki, sai na ga wata tsakuwa ja kamar an ɓare goro. Kusa da ita wata mai ruwan gwaiduwa, can kuma wata mai ɗigo-ɗigo kamar bayan zabuwa. Na cika aljihu. Da na iso gida na zazzage, sai na tarar sun bushe sun yi fururu, ba su da bambanci da tsakuwar bakin hanya. Na lashi ɗaya, jan ya komo. Ta bushe, ya tafi. Ranar nan na wuni ina lasar dutse kamar akuyar da ta samu kanwa.

Karatuna wata huɗu ne a lakwal, makarantar Nasara ta Madawa, kafin malaminmu, da muke ce wa mushe, ya gane ni da allo ba za mu shirya ba, ya raka ni ƙofa da bulala. Da wannan ilimin na zauna na yi tunani. Na ce ruwa kaushin dutsen yake rufewa, in anka kashe kaushin, launi zai zauna ko ba ruwa. Abin haushi, daidai na faɗa. Da kuskure na yi a nan, da kowa ya huta.

Na fara da gora. Na zuba tsakuwa da rairayi da ruwa, na toshe bakin, na ɗaura wa jaki a wuya, wai in yana tafiya su yi ta birgima kamar a cikin korama. Jaki ya ji kacau-kacau ƙarƙashin haɓarshi, ya ɗauka mutuwarshi ce ta zo, ya kayar da ni gaban masu albasa a kasuwar Buza. Daga baya ya saba. Wata biyar muna yawo da gora, abin da munka samu bai wuce dakushewar baki ba. Na koma gogawa da hannu a kan marmarar tudu, ita kuma sai ta yi ta murmushewa, tsakuwata na nan yadda take.

Dutse guda ne a garin nan da ya fi tsakuwata tauri, kuma a gidana yake.

Matata 'yar wajen Karofane ce, daga gidan da ubansu ne ya fara salla. Uwarta ta rasu tun ba a yi maganar aurenmu ba. Ba ta zo mani da ƙorai masu yawa ba, ba ta zo da saniya ba. Abin da ta zo da shi a kan takarkari shi ne dutsen niƙan uwarta, baƙi wuluk, mai laushin ido, tsakiyarshi ta lotsa saboda niƙan uwa da na kaka. In za ta fara niƙa takan shafa shi da tafin hannu tukuna, kamar mai gaisuwa. Matan unguwa na son garinshi, har sukan zo aro, ita kuma nan ne kawai take da abin ɗaga kai a garin da ba ta da kowa.

Rijiyarmu na da nisa. Da rani in mata sunka tafi ɗibar ruwa da hantsi, sai rana ta take suke komowa. Wata rana matata ta fita da tulu, na durƙusa inda take durƙusawa, na watsa rairayi a kan dutsen, na zuba ruwa, na fara gurza jar tsakuwar nan. Kafin in gaji gefe ɗaya ya kwanta sumul. Na bi da rairayi mai laushi wanda na tankaɗe da tsumma, na bi da toka, na ƙarasa da guntuwar fatar akuya. Na busar da ita a rana, na duba. Jan na nan. Wallahi ranar da anka haifa mani ɗa ban yi rawar da na yi ranar nan ba, ni kaɗai a tsakar gida, kaji na kallona.

Na wanke dutsen tas, ko kuwa in ce haka na zata. Da maraice anka kawo tuwo, innata ta kai loma ta farko, sai munka ji garas. Ta tofar, ta dubi matata.

"Ke, wanga tuwo ne ko gini? Can garinku da ƙasa kuke ci?"

"Inna, na wanke dawar, na rairaye ta."

"Kin rairaye ta da ƙafa. An ce mani kar in ɗauko ɗiyar kan tudu, ban ji ba."

Matata ta sunkuyar da kai. Ni kuwa jar tsakuwar na cikin aljihuna, ina murza ta da yatsa. Da na yi shiru ma da sauƙi. Buɗe baki na yi na ce, "Inna, ki bar ta, so take ta wasa mana haƙora." Kowa ya yi dariya. Matata ma ta yi, irin wadda akan yi don a wuce wurin.

Ba sau ɗaya ba ne. Duk ranar da na yi guga, tuwo na da ƙasa, duk ranar da tuwo ke da ƙasa, ita ke shan zagi. Bayan haka dutsen ya soma santsi. Dutsen niƙa da kaushinshi yake cin hatsi, ni kuwa kaushin nake kashewa. Sai ta yi ta turawa dawa na zamewa, niƙan da takan gama kafin la'asar ya koma kai ta magariba, kafaɗunta na ciwo. Akwai wani tsoho makoɗi da ke zagaya garuruwa da ɗan dutsen koɗarshi a burgame, jakarshi ta fata, yana sassara duwatsun niƙa su komo da kaushi. Sau ɗaya a shekara akan kira shi. Ranin nan sau uku ta kira shi.

Mai hankali da ya bari. Ni dabara na yi. Na ce ai dutse fuska biyu gare shi. In ta fita sai in kife shi, in yi gugata a ƙarƙashi, in gama in mayar da shi yadda yake, in share sawun. Tuwo ya gyaru, inna ta samu wani abin zagin, ni kuma na ɗauki kaina gwanin duniya. Rani biyu ina haka. Na tara tsakuwa talatin da 'yan kai cikin wata jakar fata, na soke ta a rufin rumbu. In ba kowa sai in zazzage su a tafin hannu in yi ta kallo. Ban taɓa tsayawa na tuna cewa dutsen da uwa da kaka sunka ci daga sama, ni nake ci daga ƙasa ba.

Rani na uku makoɗi ya zo kamar yadda ya saba. Ina zaune gindin rumbu ina tufkar igiya, matata na tsaye kanshi da ƙoƙon ruwa.

"Baba, a hankali dai, ka san na tsohuwata ne."

"Ɗiyata, ni na koɗa ma tsohuwarki shi tun ba a haife ki ba. Wanga dutse sai ya binne mu duka."

Ya fara ƙwanƙwasa, ƙwas, ƙwas, ƙwas. Bai kai tsakiya ba ƙarar ta sake, kamar an buga tulun da ya tsage. Ya dakata, ya sake bugawa sau ɗaya. Dutsen ya rabe biyu.

Tsohon ya rasa inda zai sa kanshi, yana ta cewa shekara arba'in bai taɓa fasa dutsen kowa ba. Can ya kife ɓari guda don ya ga inda tsagar ta fito, sai ga rami a ƙarƙashi, mai santsi, yana ɗaukar ido kamar cikin sabuwar tasa. Tsakiyar ba ta fi kaurin yatsa biyu ba. Ya shafa ramin, ya dubi matata, ya waiwayo ya dube ni.

"Yaro, wanga ba aikin gara ba ne."

Na ce, "Baba, ko aljannu ne?"

Ba wanda ya yi dariya. Ya mayar da dutsen koɗarshi a burgame, ya ƙi shan ruwan, ya fita.

Na jira kuka, na jira ta ɗaure kayanta ta nufi Karofane. Ba ta yi ko ɗaya ba. Ta ɗauki ɓarin nan biyu ta kai ɗakinta, ta ɗauki dawa ta tafi maƙwabta. Matar da ake zuwa aro wurinta ta koma tana jiran a gama a ba ta wuri. Ran kasuwar Keita na sayo wani dutse, fari, mai garas-garas, na ɗora wa jaki na kawo. Ta ce an gode. Da shi ta yi niƙa har ƙarshen ranta, ban taɓa ganin ta shafa shi ba.

Kwana huɗu bayan fashewar, da hantsi, ba ta tafi rijiya ba. Ta tarar da ni gindin rumbu, ta aje faifai a gabana.

"Maigida, nuna mani abin da ya ci dutsen uwata."

Na hau na ciro jakar, na zazzage a faifan. Rana ta same su, ja da ɗorawa da kore da masu ɗigo, duk sunka kama da wuta. Na shirya amsa iri-iri, wadda zan ba ta in ta zage ni, da wadda zan ba ta in ta watsa su a bola. Ta durƙusa ta daɗe tana juya su da yatsa ɗaya-ɗaya. Abin da ta faɗa ban shirya mashi ba, ban amsa ba ranar nan, ban amsa ba a shekarun da munka ƙara tare, yanzu kuma ba wadda zan ba amsar.

"Ashe suna da kyau haka. Da ka nuna mani tun farko, ai da ni zan riƙa zuba maka ruwan."