Baba Ƙas da Sosejin da Babu Kitse

Kafin a kunna injin niƙa, Baba Ƙas ya riga ya wanke hannu har gwiwa, ya taɓa nama ya ji sanyinsa, ya fasa ƙanƙarar da za ta shiga kwaɓi. Aikinsa ke nan a masana'antar soseji tun gashinsa na baƙi: haɗa niƙaƙƙen nama da kitse da gishiri kafin a ɗura a hanji. Sunan kuwa ma'aikata ne suka laƙaba masa, don ba ya sallamar kaya sai ya karya soseji ɗaya a gindin kunne ya ji ya ce ƙas.

Abin da ba kowa ya sani ba, mai ɗakinsa ta daɗe rabonta da aikin hannunsa. Likita ya hana ta kitse saboda ciwon zuciya. Takan zolaye shi cewa ya ciyar da gari, ya bar ta da ƙanshin riga. Yakan yi dariya, amma maganar na cinsa, ga ritaya ta ƙarato.

Da manaja ya ce ana son soseji marar kitse, kowa ya noƙe, shi ya karɓa. Ya cire kitsen, abu ya fito a bushe kamar garin katako. Ya zuba garin waken soya, ya riƙe ruwa, amma warin wake ya danne naman. Ya gwada sitaci. Mai ɗura hanji ya jefa soseji ɗaya a tebur, ya ga ya yi tsalle kamar roba, ya ce a kai wa masu silifa. Man gyaɗa kuma da ya ji wuta sai ya tsiyaye a kasko, ya bar hanji a yamutse. Kowane gwaji sai ya kai gida, ita kuwa ta ciza ta ajiye.

"Malam, kitse likita ya hana ni, bai ce a ba ni taya ba."

Ranar ya ƙi cin abinci. Tana kwashe kwanuka ta ce masa mai da ruwa ba sa zama sai an kaɗa su da haƙuri, kamar ita da shi. Da safe ya kaɗa man da ruwan ƙanƙara da ɗan garin soya har suka yi kauri, ya sanyaya, sannan ya zuba a nama. Waɗanda ke wurin sun ce da ya karya sosejin farko a gindin kunne, sai ya naɗe biyu a takarda ya kai gida.

Baba, yau da kake ritaya, mu abokan aikinka mun shaida kai ne ka nuna mana cewa duk abin da aka cire daga kwaɓi yana barin gurbi, kuma ba a cike gurbi da gaggawa. Kai ne ba ka taɓa tura wa baƙo abin da ba za ka ajiye a gaban iyalinka ba. Mun gode, Allah ya sa ka huta lafiya. Ku kuma masu shiga ɗakin kwaɓi bayansa, ku koyi wannan kafin ku koyi kunna inji.

'Yarsu ce ta ba da labarin ƙarshe. Tsohuwa ta karya sosejin a kunnenta, ta cinye tas, ta miƙa hannu.

"Ban ji da kyau ba. Miƙo ɗayan."