Sauron da Ke Cikin Idon Makcik

Shekarar da na koma unguwar Pantai Dalam, can ƙasar 'yan Malay, don karatun digirina na uku, ƙofar da ke kallon tawa ta wata dattijuwa ce 'yar ƙabilar Malay. Kowa a benen yana kiranta Makcik, wato goggo a yarensu, ni ma na bi sahu. Mijinta ya rasu, 'ya'yanta sun watse wuraren aiki. Sana'arta yin kuih, wasu 'yan ƙananan kayan zaƙi na garin shinkafa da madarar kwakwa, tana kai wa wani kedai, wato ɗan shago, da ke ƙasan bene. Turancinta guntu-guntu ne, nawa Malay ɗin kuwa abin dariya, amma hira ba ta taɓa gagarar mu ba.

Siririya ce sosai, shi ya sa na yi mamaki ranar da ta ce tana da ciwon suga, don a gida duk masu sugan da na sani masu jiki ne. Ta ce kada in damu, gwajin jinin da ake yi mata bayan 'yan watanni kullum kyau yake yi, likita har yabonta yake.

Sai dai ina ganin yadda take cin abinci. Tun asuba tana tsaye a kan tukwane, ba ta sa komai a baki. Wajen azahar sai hannunta ya fara rawa, gumi ya keto mata, ta yi maza ta jefa kuih a baki, ta bi da shinkafa tuli guda da shayi mai madarar gwangwani. Daga nan sai barci kamar an doke ta. Ban ɗauki abin a bakin komai ba, tunda ta ce likita na yabo.

Wata safiya ta buga mini ƙofa da gwangwanin maganin sauro a hannu. Ta ce tukwanen na'a-na'a da na jera a baranda su ne ke tara mata sauro. A garin nan ba a wasa da sauro saboda zazzaɓin dengi, don haka ban yi musu ba, na ba ta haƙuri, na kwashe tukwanen. Sauro bai tafi ba. Tana tafe tana tafi a iska, tana mita. Ta wanke labule, ta feshe gidan har sai da ni ma na dinga tari ta bango.

Rannan tana zaune a falona, sai ta kai wa iska tafi a gaban farin bango. Na duba da kyau, ban ga komai ba.

"Makcik, babu sauro a nan fa."

"Akwai mana. Ga su can, har da mai dogon wutsiya."

Na ce ta rufe ido ɗaya ta sake dubawa. Ta rufe na dama, suna nan. Ta rufe na hagu, suka ɓace. Sai ta tambaye ni a hankali ko ina da darasi gobe. Na ce ko da akwai, babu.

A asibitin ido aka ɗiga mata magani, ƙwayar idonta ta buɗe, aka ɗauki hoton cikinsa. Likitar, wata matashiya mai fara'a, ta juyo mana da allon na'urar. Abin kamar gwaiduwar ƙwai, jijiyoyi sun ratsa shi, ga jajayen ɗigo nan da can. Ta ce jini ne yake tsattsafowa daga ƙananan jijiyoyin bayan ido, kuma inuwarsa ce Makcik take kai wa tafi. Makcik ta ce ina, ita da gwajinta ke kyau? Likitar ta bi ta da tambaya a kan cin abincinta, sannan ta yi mata bayani cewa wancan gwajin tsaka-tsaki yake nunawa. Mutum zai iya yini suga na faɗuwa ƙasa yana tashi sama, a haɗa a raba lissafi ya fita daidai, alhali jijiyoyin ido suna shan wahala. Ta ƙara da cewa mutanen wannan yankin suna kamuwa da suga ko ba su da ƙiba, kuma ido yakan daɗe yana lalacewa ba tare da ciwo ba. Ta ce na hagun yana buƙatar aikin lesa, wato a toshe jijiyoyin da wani haske mai ƙarfi, na daman kuwa an zo da wuri.

Da muka fito, hasken rana ya hana ta buɗe ido saboda maganin. Na ciro baƙin tabarau ɗina, irin mai rufe rabin fuska, na ɗora mata. Haka muka shiga jirgin ƙasa, tana riƙe da hannuna, ta ɗaga kai sama. Ta raɗa mini cewa in wani ya tambaya in ce 'yar fim ce. Dariyar da muka yi ita ta kore mini tsoron da na fito da shi.

Aka yi lesar a hankali, zuwa bayan zuwa. Aka kuma manna mata wani ɗan farin abu kamar maɓalli a damtse, wanda ke nuna mata hawa da saukar suganta a waya. Nan fa Makcik ta sami abin yi. Ta koma cin abinci kaɗan-kaɗan tun da safe, kuma duk abin da ta ci sai ta leƙa wayar. Har girkina bai tsira ba. Ranar da ta ci tuwon shinkafata ta dawo tana murna, tana nuna mini layin sugan da ke wayar ya miƙe sama, wai ashe nawa abincin ya fi nata laifi. Kwaɗon zogale kuwa da ƙyar ya motsa layin. Ba a yi mako ba ta gano bishiyar zogale a bayan masallacin unguwa, ta ce su 'ya'yan bishiyar kawai suke sawa a miya. Na koya mata kwaɗo da gyaɗa soyayya tunda babu ƙuli-ƙuli, ita kuma ta ƙara masa barkonon da sai da na yi hawaye.

Idon hagun bai dawo yadda yake ba, akwai wani gefe da har yau duhu ne. Amma na daman ya tsaya, tana karatun Alƙur'aninta, tana yanka kuih daidai wa daida.

Mai kedai ɗin da take kai wa kaya shi ma yana da suga, kuma bai taɓa zuwa a duba masa ido ba. Ta yi masa magana, ya ce ai yana gani sarai. Sai kawai ta daina kai kuih. Masu sayen safe suka dame shi da tambaya, dole ya rufe shago rabin yini ya tafi asibiti. Aka sami 'yan ɗigo kaɗan, tun ba su yi nisa ba. Washegari na sauko zan tafi makaranta, na tarar da shi yana jera kuih a tire, yana ba kowa labarin yadda aka ɗauki hoton cikin idonsa, kamar shi ya ƙirƙiro shawarar. Makcik na gefe a kan kujera tana shan shayi ba suga, ta ƙyale shi yana ta zuba.