Ranar da Yaya Hamisu Ya Kwanta a Ƙarƙashin Tirela

Shekara talatin ke nan da rasuwar yayana Hamisu direba, Allah ya jiƙansa ya sa ya huta. Har yau in dangi sun taru a gidan biki ko na makoki aka ambaci sunansa, sai ka ji wani ya girgiza kai ya ce, "Allah sarki Hamisu, taurin kai ne ya cuce shi." Na gaji da jin wannan magana. Tsufa ya kama ni, waɗanda suka ga abin da idonsu kuma sun ƙare saura ni, don haka bari in faɗi yadda aka yi, wanda zai ji haushi ya ji.

Ni ce Talatu ƙanwarsa. A zamanin da kuɗin fetur ya malalo ƙasar nan ina sayar da tuwo da miyar kuka a bakin ƙofar wani kamfanin sufuri a Fagge, inda Yaya yake jan tirela. Yaran yanzu ba za su gane irin haukan da aka yi ba. Kowa ya wayi gari yana son siminti, yana son rediyo da firji da babur. Kaya sun yi tsibi a bakin teku a Ikko, jirgin ƙasa ya gaza da su, sai aka koma kan manyan motoci. Alhajin da ke da kamfanin ya yi ta sayo tireloli sababbi fil, kowace da direbanta ɗaya tal, ba mai karɓarsa in ya gaji. Ya ɗauko wani surukinsa ya ba shi manaja.

Sunan manajan nan na yanka ya ɓace mini, don ba wanda ke kiransa da shi. Manaja Juya ake ce masa. Direba zai shigo daga Ikko bayan kwanaki a kan hanya, ido ja wur, ƙafa a kumbure, kafin ya gama dirowa daga mota sai ka ji murya daga baranda: "Juya!" Wato a sauke siminti, a loda fatu ko auduga, ka koma inda ka fito. Gidanka yana nan Fagge, da ƙafa ma za ka je, amma ba za ka kwana a cikinsa ba. Matan direbobi kan zo da wankakkun kaya a ƙunshe su zauna a bencina su jira. Da yawansu a kan bencin nan suke ganin mazajensu, a miƙa wa uba jariri ya ɗauka ya mayar, shi ke nan an gaisa.

Abin da direbobin suke yi su hana ido rufuwa kuwa, sai wanda ya gani. Goro har baki ya daina jin ɗacinsa, baƙin shayi mai kauri ba madara, wasu ƙwayoyi da ake sayarwa a tasha, wani ma man zafi yake shafawa a fatar ido. In duk da haka barci ya sace mutum ya faɗa rami, sai manaja ya taɓe baki ya ce, "Ai gyangyaɗi ya yi." Yana faɗa kamar sata ya kama mamacin yana yi. Wannan kalma ta fi komai ƙona mini rai, har yau in na ji ta a rediyo sai zuciyata ta tafasa.

Akwai wani dattijo a cikinsu, Malam Iro, mutum mai sanyin hali. Suna dawowa daga Kudu shi da Yaya, shi a gaba Yaya na binsa, motarsa ta saki hanya kusa da gadar Jaba da rana tsaka. Yaya ne ya tattara abin da ya samu na jikinsa a cikin tamfol, da shi aka yi masa sutura a wani ƙauye a can. Washegari da hantsi Yaya ya shigo kamfani, jinin bai ma fita daga hannun rigarsa ba. Aka sauke kaya, aka loda wasu, ina tsaye ina tuƙa tuwo na ji muryar nan: "Hamisu, juya!"

Yaya ya taka har baranda, ya rusuna ya gaida shi. Ya ce, "Manaja, kwana guda nake roƙo. In kwana a ɗakina, in je in yi wa iyalin Iro gaisuwa, gobe da sassafe in kama hanya."

Manaja ya ce, "Kaya ba su san gaisuwa ba. In ba za ka iya ba ajiye makulli, masu nema sun cika Fagge."

Sai Yaya ya zaro makulli ya miƙa masa da hannu biyu, kamar mai ba da sadaka. Ya koma motar ya jawo tabarmarsa daga bayan kujera, ya sunkuya ya shimfiɗa ta a ƙarƙashin tirelar, daidai gaban tayoyin baya. Ya cire hula ya yi matashi da ita, ya miƙe.

To, sai na yi wa wanda bai san harkar mota ba bayani. A kan hanya, ƙarƙashin mota shi ne ɗakin direba, don nan ne inuwa take. Saboda haka abu na farko da ake koya wa duk mai son ya zama direban babbar mota, tun kafin a bar shi ya taɓa sitiyari, shi ne ba a tayar da mota sai an sunkuya an leƙa ƙasa. In akwai mutum, mota ba ta tashi sai ya fito da ƙafarsa. Ba a rubuta wannan a ko'ina ba, amma direban da ya karya shi ba zai ƙara samun wanda zai ci abinci kwano ɗaya da shi ba daga Kano har Ikko.

Na yar da muciya na ruga. Na durƙusa ina leƙensa na ce, "Yaya, don Allah don Annabi ka fito. Ka tuna da yara."

Ya ce, "Su na tuna, Talatu. Rufe mini tuwona, in na tashi na ci."

Wallahi na ji tsoro, na kuma ji haushinsa, don na san abin da ya ɗora a faifai: aikinsa ne, kuma gidanmu kaf a kansa muke. Ina nan durƙushe ina magiya sai na ji minshari. Da farko na ɗauka da gangan yake yi don ya ƙular da manaja. Ina! Barci ne na gaske ya kwashe shi, baki a buɗe, ƙudaje na sauka a fuskarsa bai sani ba.

Manaja ya duba direbobin da suka yi cirko-cirko, ya zaɓi wanda yake ganin ba zai iya musu ba. Okeke ke nan, haifaffen Sabon Gari, Hausa a bakinsa kamar ta ɗan cikin gari. Lokacin yaƙin basasa ya gudu ya bar komai, ya dawo ya tarar ba shi da ko cokali, da ƙyar ya samu wannan aiki yana riƙe da mata da yara da tsohuwar uwa a ɗakin haya. Manaja ya jefa masa makulli ya ce, "Tayar da ita. Da ya ji ƙarar inji zai fito da gudu."

Okeke ya tsinci makullin a ƙasa. Ya zagaya motar yana bubbuga tayoyi kamar yadda suke yi kullum, ya zo baya ya sunkuya ya leƙa, ya daɗe yana leƙe. Sannan ya miƙe ya ce, "Manaja, akwai mutum a ƙasa."

"Na san akwai mutum! Na ce ka tayar!"

"Ranka ya daɗe, ni dai haka aka koya mini. Akwai mutum a ƙasa."

Ya ajiye makullin a kan matakalar mota, ya tafi tasa motar ya jawo tabarma. Kafin azahar duk tirelar da ke cikin kamfanin nan akwai mutum a ƙarƙashinta. Ba wanda ya yi ihu, ba wanda ya ɗaga kwali. Zamanin soja ne, kalmar yajin aiki ma a hankali ake faɗinta. Manaja ya aika a kira 'yan sanda a kan direbobi sun tayar da tarzoma. Wani saja ya zo a kan keke, ya bi motocin ɗaya bayan ɗaya yana leƙawa, ba abin da yake ji sai minshari. Ya ce wa manaja shi fa ba a ba shi dokar kama mai barci ba. Ya zauna a bencina ya ci tuwo, ya hau kekensa ya tafi. Ranar na yi dariya har da hawaye.

Bayan la'asar Alhaji ya zo da kansa. Ya tsaya ya kalli mutanensa shimfiɗe a ƙasa, ya ce kada a tashi kowa. Da suka farka ya tara su ya yanke magana biyu. Daga ranar, duk wanda ya dawo daga Kudu sai ya kwana a gidansa kafin ya juya. Amma Hamisu ya bar masa kamfani, don ba zai riƙe wanda ya koya wa sauran wannan dabara ba. Direbobi suka fara jawo tabarmi za su koma, Yaya ya tare su ya ce, "Ku bari. Abin da muka nema an ba mu, ku je ku ga iyalanku." Okeke ya riƙe masa hannu yana kuka kamar mace, Yaya na tsokanarsa wai ya daina kada matarsa ta ji labari. Sannan ya zo ya buɗe tuwonsa da ya sandare, ya cinye tas.

Ba zan yi wa masu karatu ƙarya ba, mun sha wuya. Labari ya zagaya duk kamfanonin Fagge, ba wanda ya ƙara ba shi babbar mota. Ya koma jan wata tsohuwar a-kori-kura yana ɗaukar kaya daga Kasuwar Sabon Gari zuwa unguwanni. Waɗanda suka fara aiki a bayansa suka gina gidaje, suka je Makka, shi kuwa a haya ya ƙare. Kuma yana kewar hanya. In tirela ta wuce sai ka ga ya katse magana ya kasa kunne, ya ce, "Ji yaron nan yadda yake cutar giya." Daga nan dangi suka samu bakin cewa taurin kai ya cuce shi.

To ni ga abin da na gani. Yaya ya rasu a ɗakinsa, a kan gadonsa, 'ya'yansa na kewaye da shi ana yi masa kalmar shahada. An yi masa wanka da gaɓoɓinsa cikakku, maƙwabta suka ɗauke shi a kafaɗa, mun san inda kabarinsa yake. Matar Malam Iro har ta mutu ba ta san inda aka binne mijinta ba. Okeke ya zo da sandarsa, kansa fari fat, ya zauna a ƙofar gida duk kwanakin zaman makoki. Ya ce mini, "Talatu, mu da muka tsufa a cikin wannan aiki, kwanan gidan nan ne ya tsufar da mu."

Nakan tambayi kaina me Yaya zai ce da ya ga yau. Kamfanin ya daɗe da rushewa, dokar kwanan gida ta bi shi. Fagge ta cika da dilolin atamfa da 'yan adaidaita sahu. Motoci sun fi na da kyau, har da na'urar sanyi, amma an liƙa musu wani abu da ke faɗa wa ofis inda mota take. Ka tsaya fitsari ma sun sani. Manajan yanzu ba ya buƙatar baranda, yana cikin aljihun direba, wayar na ruri dare da rana. Ina jin Yaya zai yi tsaki ne kawai ya tambaya ko har yanzu ana leƙa ƙasa kafin a tayar da mota.

Bai bar gida ba, bai bar mota ba, ko hoton kirki nasa ba mu da shi. Amma ya bar autansa Nasiru, wanda shi ma tirela yake ja yanzu a wani kamfani, ga mata ga yara. Kwanakin baya ya kira ni da rana daga hanyar Kudu, muryarsa na jan ƙasa kamar ta mashayi. Ya ce, "Gwaggo, hanya nake gani biyu-biyu, kuma ofis sun ce in na tsaya in nemi wani aikin." Ya san wadda ya kira. Da lallashi yake so, da matarsa zai kira.

Na ce, "Faka motar."

Ya ce, "Gwaggo, korata fa za su yi."

Na ce, "Su kora. Kashe wayar nan ka kwanta, don ubanka."

Ya kashe, ya kwanta, sun kuma kore shi. Yanzu haka yana gida yana neman wani aikin, bai samu ba tukuna. Matarsa ta ɗora laifin a kaina, in na shiga gidansu da ƙyar take amsa mini sallama, tana ta harare-harare tana buga kwanuka. Ta yi ta yi, ko a jikina. Na gwammace ta harare ni mijinta na ɗaki yana minshari, da in shiga gidan nan in tarar da ita cikin takaba tana yi mini sannu da zuwa.