Saƙon Tsohon Bakin Mekong

A unguwarmu ta Zahir, a Makka, ba a san mutum ya yi tafiya don ganin gari kawai ba. Mu ake zo wa. Tun ina yaro nake ganin baƙi suna sauka da jakunkuna suna raba ido, har na girma na shiga aikin raba musu abinci a Arfa duk shekara. Ranar da na ce ni ma zan je in raba ido a ƙasar wasu, mahaifiyata ta dube ni sama da ƙasa.

"Ya waladi, mutane na sayar da gona su zo Makka, kai kuma ka rataya jaka ka bar ta? Vietnam ɗin ma a ina take?"

Na ce mata can gaba da Indiya ce, kuma akwai araha. Arahar kawai ta gane.

Na sauka a arewacin ƙasar da jaka ɗaya a baya, na dinga gangarowa kudu gari bayan gari. Motocinsu na doguwar tafiya gadaje ne a ciki, amma wanda ya auna gadajen bai taɓa ganin Bahaushe ba, kullum a lanƙwashe nake isa. Ina kwana a ɗakunan haya masu gado bisa gado, ina cin shinkafa da ƙwai da ayaba saboda tsoron naman alade, har na fara jin haushin kaza. Ta tagar mota kuwa ban gaji da kallon gonakin shinkafa ba. A tsakiyarsu za ka ga kaburbura an gina, an shafa musu fenti, manomi na aiki kusa da kakansa.

A wani gari na bakin kogin Mekong, dab da iyakar Kambodiya, mai gidan da na sauka ya gan ni ina salla, ya nuna min tsallaken ruwa da hannu. Ranar Juma'a na shiga jirgin fito tare da babura da kwandunan kifi. Can na tarar da masallaci fari da kore, da maza ɗaure da zani, kowa da farar hula. Musulmin wurin ne, ƙabilar Cham. Bayan salla suka zaunar da ni, aka kawo miyar naman sa, na ci ba kunya. Wani ya tambaye ni daga ina, na ce daga Makka. 

Wani tsoho siriri ya matso da sandarsa ya kama hannuna, bai sake ba. Larabcinsa na littafi ne, wanda ya koya a makaranta yana saurayi, nawa kuma na kasuwar Zahir, amma muka fahimci juna. Ya ce shekarun baya dama ta samu ta mutum biyu, sai ya ce matarsa ta fara zuwa Hajji da ɗansu, shi ya biyo daga baya. Ta rasu a Mina bayan an sauko daga Arfa, aka binne ta a Makka. Ɗan ya dawo da jakarta. Shi kuma har yau bai samu zuwa ba, yanzu ga gwiwa ta ƙi.

Ya ja ni bayan masallaci ya nuna min maƙabartarsu, kowane kabari da allonsa da suna, an share, an cire ciyawa.

"Ya ɗana, idan ka koma ka je ka tsaya a kanta," in ji shi. Ya faɗi sunanta, ya sake faɗa a hankali don in riƙe. "Akwai inuwa a wurin? Wa yake share mata?"

 Mu mutanen Makka mun ƙware da cewa "in sha Allah" ga baƙo, a wuce wurin, kuma kalmar ta riga ta zo bakina. Amma na san maƙabartar Shara'i, inda ake kai mafi yawan alhazan da suka rasu. Fili ne fetal ƙarƙashin rana, ba bishiya, ba suna, sai dutse a jere bayan dutse. Bayan wasu shekaru ma akan buɗe wurin a sa wani. Tausayinsa ya kama ni ƙwarai, mutumin da ya daɗe yana ganin allon matarsa a zuciyarsa.

Na ce, "Baba, ba zan same ta ba. A wurinmu ba a rubuta suna." Na bayyana masa komai, ina kallon ƙasa. Sai ya tambaye ni:

"To ku yaya kuke yi da naku?"

Na ce masa mahaifina ma yana can, kuma ni kaina ba zan iya nuna inda yake ba. Idan na je, a bakin ƙofa nake tsayawa in yi sallama ga mutanen maƙabartar gaba ɗaya, in yi musu addu'a tare.

Ya juya ya dubi kogi.

"Gaba ɗaya? Har da ita ke nan?"

"Har da ita, Baba."

"Ashe ka daɗe kana gaishe ta." Ya goge ido da gefen zaninsa, ya ƙara matse hannuna. "To idan ka koma, ka ɗan ɗaga murya. Kunnenta ɗaya ba ya ji sosai."