Ranar da Fijon Maccido Ta Yi Shiru

Duk wanda ya tashi a Tambuwal, in dai ba kurma ba ne, ya san kukan motar Maccido. Tun tana bayan gari za ka ji ta, fat-fat-fat, kamar ana kakkaɓe tsohuwar tabarma. Fijo ce irin ta da, fara a zamaninta, yanzu kuwa sai mai kyautata zato ne zai kira ta fara. Maccido ya fara tuƙa ta yana saurayi, tana hannun maigidansa, wani ɗan kasuwar hatsi. Da maigidan ya tsufa sai ya bar masa ita. Da ita ya yi ta jigilar mutane da buhunan gero tsakanin Tambuwal da Kebbe, a shekarun da hanyar take cin taya ba tausayi. Da ita kuma aka ɗauko masa amaryarsa Batula daga Kebbe.

Kukan nan fa ba na asali ba ne. Gaskit ɗin da ke tsakanin inji da bakin salansa ne ya ƙone tun tuni, hayaƙi ya samu kafa. Maccido ya sani sarai, amma ina, taurin kai! Sai ya yanka gwangwanin madara ya naɗe wurin da waya, in ya ɓalle ya sake wani. In an ce ya gyara sai ya ce, "Ku bar ta, ita ka yi min sallama." Ta wani gefen da gaskiyarsa. Mata a ƙauyukan hanya da jin ta suke fitowa da nono da saƙonni. Sambo kuwa, yayan Batula, da idonsa ya mutu, da kukan nan yake gane ƙanwarsa ta iso, har ya sa a shimfiɗa tabarma tun motar ba ta shigo unguwa ba.

Sai ƙirjin Batula ya fara ba ta wahala. Ƙasan motar ya ruɓe, hayaƙin da ke tsiyaya ta nan yake shigowa. Zuwansu na ƙarshe ta yi tari har sai da suka tsaya a gindin wata tsamiya, idanunta jawur. A asibiti aka ce ta nisanci hayaƙi. Babur kuma bayanta ba zai ɗauka ba a wannan hanya. Haka damina ta wuce, aka yi girbi, Batula ba ta taka Kebbe ba.

Ran nan aka bugo waya cewa Sambo yana kwance, kuma ita yake ta kira. Batula ba ta roƙi kowa ba. Ta ninke zannuwanta ta ɗaure, ta ajiye ƙunshin a bakin ƙofa inda dole mai fita ya tsallake shi. Maccido ya tsallake shi sau ɗaya, kunya ta kama shi. Ya wuce shagon Lauwali mai kayan gyaran mota ya karɓo sabon gaskit.

Bakanike? Allah ya kiyaye. Ba a taɓa taɓa masa mota yana kallo ba. Da safe inji na sanyi ya buɗe ta a inuwar dogonyaron ƙofar gida, ya kwance wayar da gwangwanin, sai ga wurin baƙi ƙirin kamar gindin tukunya. Notocin duk tsatsa ta cinye su. Ya jiƙa su da kananzir, ya bi su ɗaya bayan ɗaya da sifana, suna kuka suna sakewa. Na can ƙasa ne ya ce bai san zance ba.

Nan fa zufa ta karyo masa. Ya san in ya matsa ƙusar notin ta karye a cikin inji, sai an ja motar zuwa Sakkwato, kuma ciwon Sambo ba zai jira wannan ba. Da a ƙuruciyarsa ne da tuni ya zura bututu a sifana ya hau da ƙafa. Har ya ɗauko bututun, sai ya ji muryar Batula daga zaure.

"Malam, lallashi taka so, kamar mai ita."

"'Yar Kebbe, koma ciki, wanga ba aikin mata ba na," in ji shi. Amma ya ajiye bututun.

Ya ɗiga baƙin mai, ya ƙwanƙwasa notin da ƙaramar guduma a hankali, ya tafi azahar ya dawo, ya sake ɗigawa. Ya yi bisimilla ya ja kaɗan gaba, kaɗan baya. Ƙiiƙ! Notin ya sake. Tsohon gaskit ya fito gutsi-gutsi kamar ƙanzo. Ya kankare fuskar ƙarfen da tsohuwar wuƙar Batula har ta yi sumul, ya zaunar da sabon, ya ɗaure daga tsakiya zuwa gefe, kowane noti kaɗan-kaɗan don kada wani ɓangare ya ɗaga.

Da ya murza makulli sai da ya leƙa ya tabbatar ta tashi. Wani ɗan gurnani ne kawai, a hankali. Ya kai hannu kusa da mahaɗin, babu iskar da ke hurowa. Aiki ya yi kyau, amma wallahi ransa bai yi daɗi ba, ji ya yi kamar an canza masa aboki.

Washegari suka kama hanya. Ba wadda ta fito da nono, ba wanda ya ɗaga hannu daga gona. Maccido ya yi ta tsaki. Can ya waiga zai yi mita, sai ya ga Batula ta jingina da ƙofa tana barci, numfashinta na fita lafiya lau. Ya haɗiye mitarsa, ya rage gudu a kan ramuka.

A Kebbe suka tarar an fito da Sambo zaure, ya rame ƙwarai, ya juya kunne wajen hanya. Motar ta tsaya a gabansa bai motsa ba. Batula ta durƙusa ta ce, "Yaya."

Ya zabura yana laluben hannunta. "Batula ta? Da ƙafa kunka taho? Kullum kunnena na bisa hanya, har na ce ko Maccido ya sai da ita."

"Gyara ta niy yi," in ji Maccido, kamar mai ba da haƙuri.

"Tada ta in ji kukanta."

Maccido ya koma ya tada ta. Tsohon ya daɗe yana saurare, hannunsa riƙe da na ƙanwarsa. Sai ga hawaye na bin gemunsa.

"Na san wagga murya," ya ce. "Haka taka kuka ran da kaz zo kaɗ ɗauke min ƙanwa."

Maccido bai kashe motar ba, ya bar ta tana yi har sai da Sambo ya ce ya isa.