Hotunan Malam da Aka Ƙona Ina Cikin Takaba

Bana shekara ashirin da biyu ke nan da rasuwar maigidana, Malam Nasiru na Soron Ɗinki. Mutane na cewa in yi haƙuri. Na yi haƙurin mutuwarsa tuntuni, don wannan hukuncin Allah ne. Abin da mutane suka yi masa ne har yau yake ci mini rai.

Malamin firamare ne, mai son kallon sama. A shekarar da sojoji suka koma bariki aka ɗan ƙara albashi. Abokan aikinsa suka sayi babur, shi kuwa ya ce hoton wata da taurari zai koyi ɗauka. Ya daɗe yana zarya Sabon Gari kafin ya zaɓa. An nuna masa wani dogon madubin hangen nesa mai ƙyalli, ya ƙi. Ya ce mini, "Binta, mai ƙaramin ƙarfi ba da wannan yake farawa ba. Kyamarar da za ta daɗe da ido a buɗe nake nema, da abin ɗorawa da ba ya rawa." Ya sayo wata tsohuwar kyamara 'yar Rasha, ta hannu. Wani mai walda a Ƙofar Ruwa ya haɗa masa ƙafafu uku da guntayen famfo.

Fim ɗin farko baƙi ƙirin ya fito, na biyu ma haka. A na uku ne muka ga wata da ramukansa. Ranar ko tuwo bai ci ba don murna.

Sai surutu ya tashi a unguwa. Wasu suka ce duba yake yi, wasu suka ce matan mutane yake leƙe daga kan soro. Yayansa, Alhaji Tijjani, yana neman kansila a lokacin. Ya zo har zaure yana ɗaga murya: "Za ka jawo mini asarar ƙuri'a! Ka sauko daga soron nan, ko ka bar gidan gado." Malam ya miƙa masa hotunan ya ce, "Yaya, duba ka gani." Ko kallonsu bai yi ba.

Malam ya sauko. Bai sake hawa ba har ciwon hanta ya ɗauke shi. Ina cikin takaba na ji warin roba daga tsakar gida. Alhaji ne ya tara hotunan da fina-finan ya cinna musu wuta, wai yana tsabtace sunan gida. Kyamarar kuma ya ba 'yan gwangwan, masu sayen tsofaffin ƙarafa.

Yau kowa na ɗaga waya yana ɗaukar jinjirin wata, ana ta tura wa juna. Da Malam na nan, na san ba zai yi gori ba, gyara musu riƙon wayar zai yi. Ni ce mai gorin, kuma ban ji kunya ba.

Abin da ya rage nasa yana kaina, wato taurarin da ya koya mini: na san Zara, na san Gamzaki, na san lokacin fitowar Kaza da 'ya'yanta. Wannan wuta ba ta kai gare shi ba.

Da sallar bara Alhaji ya shigo gaishe ni, ya tsufa, yana dogara sanda. Ya ce jikarsa na karatun taurari a jami'a, ko akwai sauran hoto ɗaya da zai nuna mata?

Na ce, "Turo ta, Alhaji. Zan gaya mata yadda suke, in kuma gaya mata inda suka tafi."